Waƙar 'ya'ya tara da suka zama barewa: me ya sa sautinta yake haka?

Baban Khalifa, Mabera:
Assalamu alaikum. Ɗan ƙanena da ke karatu a Hangari ya turo mini wata waƙa ta WhatsApp, Cantata Profana ta Bela Bartok, wani mai tsara waƙoƙi ɗan Hangari, wadda ya tsara a 1930. Jiya bayan isha'i na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na saurare ta, kusan minti 20. Ko kalma ɗaya ban gane ba, amma ta hana ni barci. Farkonta a hankali kamar saukar hazo, sai muryoyi su rinƙa hawa kan juna, ba mai jiran wani. Can kuma wani namiji ya ɗaga murya har kamar za ta tsage. Don Allah me ake faɗa?

Malama Hadiza, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Labarin daga waƙoƙin ƙauyukan Romaniya yake. Wani tsoho ne da 'ya'ya tara, bai koya musu noma ko wata sana'a ba sai farauta. Wata rana a daji suka haye gada, suka rikiɗe barewa masu manyan ƙahoni. Uban ya bi sawu, ya auna zai harbe, babban ya ce kada ka harbi 'ya'yanka. Muryar da ta kusa tsagewa tasa ce, mai kaurin ta uban. Ya roƙe su su dawo, uwarsu na jira. Suka ce ƙahoninsu ba za su shiga ƙofar gida ba, kuma sun daina shan ruwa a kofi sai a maɓuɓɓuga.

Ɗan Gobir:
Kunnenmu ya saba da makaɗan fada, jagora ya faɗa, 'yan amshi su karɓa, kotso na riƙe da su. Shi Bartok rukuni biyu na mawaƙa ya sa, kowace murya ta ɗauki jimla guda tana bin 'yar'uwarta a guje. Farautar ce kake ji, Baba. Kuma ba daga sama ya samo ba: ƙauye-ƙauye ya bi yana naɗar waƙoƙin manoma, har Biskra ta Aljeriya ya je a 1913. A Landan aka fara rera ta, a 1934.

Baban Khalifa:
Allah ya saka da alheri. Malama, maganar ƙofar nan ta taɓa ni. Yaron nan Sallah uku ke nan bai zo gida ba, kuma duk cikin danginmu ni ya zaɓa ya turo wa. Yanzu zan kira shi, kafin in faɗa wa uwarsa komai.