Wace Baturiya zan ba 'yan matan ajina?

Malamar Tarihi: Salamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Wannan zangon tarihin Birtaniya muke yi da 'yan matan aji biyar, ina so in raba su rukuni huɗu, kowane rukuni ya ɗauki mace ɗaya ya yi mana bayaninta a gaban aji. Da na tambaye su wa suka sani, daga Sarauniya Elizabeth sai Diana, shi ke nan bakinsu ya mutu. Ku taimaka da sunaye, amma ban da matan gidan sarauta don Allah.

Anti Nas: Wa alaikumus salam Malama. Ai ba sai an je da nisa ba, ga Florence Nightingale. Bikin ma'aikatan jinya da muke yi ranar 12 ga Mayu, ranar haihuwarta ce. A 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, ta tafi da mata 38 asibitin sojojin Ingila da ke Scutari, cikin Istanbul ta yau. Sai dai kada ki bari yaran su tsaya a labarin fitilar da take zagaya majinyata da ita da dare, kowa shi yake maimaitawa. Babban aikinta lissafi ne. Da ta koma gida ta tattara adadin sojojin da suka mutu wata-wata, ta zana shi a wani zane mai kama da faifai da aka tsattsaga, kowane tsagi wata guda, ta nuna wa gwamnati ƙiri-ƙiri cewa kwalara da taifot da atini sun fi harsashi cin rayuka. Da wannan ta matsa lamba aka gyara magudanan ruwa da tsaftar barikoki. A 1860 ta buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas da ke Landan.

Baban Yara: Anti, in za a kira Nightingale a haɗa da Mary Seacole. A Jamaika aka haife ta a 1805, uwarta baƙar fata mai maganin gargajiya, ubanta sojan Sikotland. Ta nemi a ɗauke ta aikin jinya a yaƙin nan aka ƙi, ta yi kuɗin jirgi da kanta ta je ta kafa masauki kusa da Balaklava, tana kula da sojoji har bakin daga. Ta dawo ba ko sisi. Sai 2016 aka kafa gunkinta, kuma a harabar St Thomas ɗin nan.

Anti Nas: Haka ne Baba, amma a faɗa wa yaran duka. Masaukin nata kasuwanci ne, abinci da abin sha take sayar wa hafsoshi, jinyar tana gefe. Har yau ana ja-in-ja a kan wace ce ta fi. Ni da zan haɗa su rukuni ɗaya, yaran su yi gardamar da kansu.

Ɗalibar Kemistiri: Malama don girman Allah ki sa Dorothy Hodgkin. Ita kaɗai ce macen Birtaniya da ta taɓa cin kyautar Nobel a fannin kimiyya, a 1964. Aikinta shi ne ta harba hasken X a cikin ƙanƙararren ƙwayar magani, hasken ya watse ya bar ɗige-ɗige a kan fim, daga ɗige-ɗigen ta lissafo yadda ƙwayoyin zarra suke jere. Haka ta gano ƙirar fenisilin a 1945, ta gano ta bitamin B12, sannan ta insulin a 1969 bayan ta haura shekara 30 tana binta. Duk wannan da hannayen da ciwon gaɓoɓi ya nannaɗe tun tana matashiya. Akwai hotonta da yatsun a karkace, in yaran suka gani ba za su manta ba.

Ɗan Zongo: Ƙanwata kin taɓo mu. Tana nan Gana labarin Nobel ɗin ya same ta, domin mijinta Thomas Hodgkin shi ke shugabantar cibiyar nazarin Afirka a jami'ar Legon a lokacin. Ita kanta a Alƙahira aka haife ta a 1910, mahaifinta kuma ya yi aikin ilimi a Sudan. Ƙari a kai, Margaret Thatcher ɗalibarta ce a Oxford, ita ta koya mata kemistiri, ga shi siyasarsu hannun riga.

Ɗalibar Kemistiri: Ga Rosalind Franklin ma ta hoton DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta. Ta rasu a 1958 tana da shekara 37, a 1962 maza uku suka karɓi Nobel a kan aikin. Amma in ɗaya za a ɗauka, Hodgkin.

Hajiya Babba: Ku matasa duk kun tafi asibiti da ɗakin gwaji. Ni tawa Lady Evelyn Cobbold ce, 'yar manyan Sikotland, wadda ta ɗauki sunan Zainab. Tun tana yarinya iyayenta kan kai ta Aljeriya da Masar lokacin sanyi, a nan ta koyi Larabci ta saba da masallaci. A 1933, tana da shekara 65, ta sauka Jidda ta jira izinin Sarki Abdul'aziz, aka ba ta, ta yi aikin Hajji. Ita ake ɗauka a matsayin macen farko haifaffiyar Birtaniya da ta sauke farali. Shekara ta zagayo ta fitar da littafin tafiyar. Ta rasu a 1963, aka binne ta a kan tudu cikin gandunta na Glencarron.

Malamar Tarihi: Ikon Allah! Hajiya wannan ta shiga, ba shawara.

Baban Yara: To ga wata da za ta tayar da ƙura: Flora Shaw. 'Yar jaridar The Times ce mai kula da labaran ƙasashen mulkin mallaka. Ita ta ba da shawarar sunan Najeriya a rubutunta na Janairun 1897, a 1902 ta auri Lugga.

Ɗan Zongo: Baba, shekara guda bayan auren nan mijinta ya ci Kano da Sakkwato da yaƙi. Ita kuma alƙalaminta aikinsa ke nan, ƙawata mamaya. Wannan za a ce wa yara fitacciya?

Baban Yara: Malama ba gwaraza ta nema ba, waɗanda suka bar tarihi ta nema. Yarinya ta san matar da ta raɗa wa ƙasarta suna, ta kuma san dalilinta na yi, ai ya fi a ɓoye mata.

Hajiya Babba: A bar ta sai an zo darasin zuwan Turawa, can ne muhallinta. In aka sa ta a nan, hayaniyarta za ta cinye sauran.

Shugabar Zaure: Ina mamakin har yanzu ba wanda ya kira Emmeline Pankhurst. A Manchester ta kafa ƙungiyarta a 1903, bayan an shekara da shekaru ana roƙon majalisa ta ba mata ƙuri'a ba a ko waiwaye su ba. Suka koma fasa gilasan shaguna da ƙona akwatunan wasiƙa. In an ɗaure su su ƙi cin abinci, a danne su a zura musu roba ta hanci a ɗura musu. A 1913 har doka aka yi ta sakin wadda ta galabaita, in ta murmure a sake kamo ta. A 1918 aka ba matan da suka kai shekara 30 masu abin hannu ƙuri'a, sai 1928 aka daidaita su da maza a shekara 21. Ita ta rasu 'yan makonni kafin dokar ta tabbata. Ki haɗa musu da Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU, wadda ta sha ɗauri a kan magana irin wannan, tunda matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a jamhuriya ta farko ba.

Malamar Tarihi: Ranki ya daɗe, tagogin ajinmu da ma saura uku masu gilashi, kada ki ja min.

Shugabar Zaure: To ba su Millicent Fawcett a gefe. Ita da takardar koke da lallashin 'yan majalisa ta yi nata, kuma gunkinta ne na mace na farko a dandalin majalisa, tun 2018. Su faɗa miki hanyar wa ta fi aiki.

Malamar Tarihi: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Rukunin farko Nightingale da Seacole, na biyu Hodgkin, na uku Zainab Cobbold, na huɗu Pankhurst da Fawcett tare da Gambo Sawaba. Flora Shaw sai zango na gaba, Baba ka yi haƙuri. Ɗaliba, turo min hoton hannayen nan. Anti, ko za ki samu zuwa ranar Alhamis ta sama ki yi musu bayanin zanen faifan?

Anti Nas: Aikin dare nake da shi ranar Laraba. In bayan ƙarfe goma sha ɗaya ne zan zo, in sha Allahu. Ki tanadar min alli kala uku.