Neman shawara: ina son in ajiye dikoda in koma kallon ƙwallo ta intanet

Baban Khalifa, Unguwar Dosa

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan'uwa. Na zo neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin wannan hanya. Shekaru da dama ke nan ina biyan kuɗin wata na tashoshin tauraron ɗan'adam, ba don komai ba sai don Gasar Firimiya ta Ingila da Gasar Zakarun Turai. Kuɗin ya yi ta hawa har ya fara yi mini nauyi, ga shi kuma watan yana ƙarewa ne ko an kalla ko ba a kalla ba, domin ranar da aka ɗauke wuta da ranar da hadari ya haɗo hoto ya ɗauke duk a cikin kuɗina suke tafiya. Tashoshin suna da yawan gaske, amma waɗanda nake buɗewa 'yan ƙalilan ne.

Wani ƙanina da ke karatu a Zariya ya ce in daina wahalar da kaina, in koma kallo kai tsaye ta manhajojin intanet. Abin da nake son sani shi ne yawan datar da wasa ɗaya yake ci, da kuma ko zan iya kallo a babbar talabijin ta falo maimakon waya. Haka kuma ina ganin ana tallar wasu akwatuna da aka ce suna buɗe tashoshin duniya baki ɗaya da kuɗi kaɗan, ko akwai wanda ya san gaskiyarsu? Allah ya saka da alheri.

Baban Hanifa, Malali

Wa alaikumus salam warahmatullah. Malam, tambayarka ta farko ita ce ginshiƙin maganar, domin yawancin masu wannan lissafi suna kwatanta kuɗin dikoda da kuɗin manhaja ne kawai, su manta cewa dish ba ya cin data, ita kuwa manhaja ba ta motsawa sai da ita. Wasa ɗaya, idan ka haɗa minti 90 da hutun rabin lokaci na minti 15 da ƙarin lokacin da alƙalan wasa suke bayarwa, yana kusan cika awa 2. Hoto mai kyau wanda zai cika babbar talabijin yana buƙatar gudun intanet na kimanin megabit 5 a daƙiƙa, wanda idan aka buga lissafinsa ya kama giga 2 da ɗoriya a awa ɗaya, wato giga 4 zuwa 5 a wasa guda. Idan ka rage ingancin hoton zuwa irin wanda ake kallo a waya, giga 1 zuwa 2 zai iya kai ka ƙarshen wasa, amma a talabijin mai inci 43 za ka ga ƙwallon tana ɓacewa duk lokacin da mai tsaron gida ya buga ta da nisa, lambobin rigunan 'yan wasa kuma ba sa karantuwa.

To, ka ɗauki mutumin da ke kallon wasa 2 a ƙarshen mako da wasa 1 a tsakiyar mako. Wasa 12 ke nan a wata, datar kuwa tsakanin giga 50 da 60 idan hoto mai kyau yake so. Ka tambayi farashin wannan adadin a layin da kake amfani da shi, ka ɗora a kan kuɗin manhajar, sannan ka kwatanta da abin da kake biya yanzu. Ka tuna kuma cewa a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da abin da ya kai kashi 50 cikin 100, saboda haka lissafin da wani ya yi maka kafin wannan lokacin ya tsufa. Tsare-tsaren da ake ce wa "ba iyaka" su ma sai ka karanta sharuɗɗansu da kyau, domin da yawansu suna rage maka gudu ne da zarar ka cinye wani adadi, kuma gudun da ke saura ya isa aika saƙo amma bai isa ƙwallo ba.

A nawa ganin, wanda ya riga ya ajiye intanet a gida saboda aiki ko karatun yara, shi ne wannan canjin zai yi wa riba. Wanda kuwa zai riƙa sayen data takanas saboda ƙwallo kaɗai, da wuya ya ga rarar da yake hange.

Abu Sumayya, Barnawa

Ina goyon bayan lissafin Baban Hanifa, amma akwai abin da ya kamata a fahimta tun kafin a kai ga data. Hukumomin gasanni suna sayar da haƙƙin nuna wasa ne yanki-yanki. A Birtaniya Sky Sports da TNT Sports ne ke nuna Firimiya, a Amurka NBC da manhajarta Peacock, a ƙasashen Larabawa beIN Sports, a nan ɓangarenmu na Afirka kuwa SuperSport ne, wanda yake ƙarƙashin MultiChoice, kamfanin da ya mallaki DStv da GOtv, wanda shi kuma Canal+ na Faransa ya saye shi a 2025. Ma'anar wannan ita ce, idan ta halaltacciyar hanya kake son kallon Firimiya da Gasar Zakarun Turai, ko ka bar dish ba ka bar masu haƙƙin ba, ƙofar shiga kawai ka canza. Manhajojin ƙasashen waje kuma suna duba ƙasar da kake ne su rufe maka wasan, ko da ka samu hanyar biyansu da dala.

Game da kallo a talabijin, a nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Lokacin da aka sake ƙaddamar da Showmax, manhajar kallo ta MultiChoice, a watan Fabrairun 2024, tsarinsa na Firimiya na waya ne kawai, shi ya sa ya yi araha. Saboda haka duk tsarin da za ka biya, ka tabbatar an rubuta ƙarara cewa yana aiki a talabijin, ka kuma duba yawan na'urorin da aka yarda su kalla a lokaci guda, don kada kai da ƙaninka ku riƙa korar juna a tsakiyar wasa. Kamfanonin nan suna yawan sauya tsare-tsarensu, abin da ake sayarwa ranar da za ka biya shi ne abin dubawa. Idan talabijin ɗinka ba mai shiga intanet ba ce, ba sai ka sayi sabuwa ba, ƙaramar na'ura irin su Fire TV Stick ko akwatin Android TV da ake soka wa a ramin HDMI ta wadatar.

Akwai kuma abin da ake samu kyauta ta hanyar halas. FIFA ta buɗe manhajarta FIFA+ a 2022, kuma Gasar Kofin Duniya ta Ƙungiyoyi ta 2025, wadda Chelsea ta doke PSG da ci 3 da nema a wasan ƙarshe, manhajar wasanni ta DAZN ta nuna ta kyauta. Sai dai irin wannan ba ya maye maka gurbin wasannin mako-mako.

Ɗan Rigasa

Yaya Baban Khalifa, ni ta intanet nake kallo, kuma abin da ba a faɗa maka shi ne jinkiri. Hoton intanet yana zuwa ne a bayan na dish, wani lokaci da rabin minti ko fiye. Akwai gidan kallo a bayan layinmu, sai in ji an kece da ihu ana buga benci alhali a wayata ɗan wasan bai ma ajiye ƙwallon a kusurwa ba. Idan kuna da irin wannan maƙwabtaka, ko kuma wayarka tana turo maka sakamako, to, daɗin wasan ya ragu. Na biyu, sabis ɗin da ke gudu da hantsi ba shi ne na dare ba. Wasannin Zakarun Turai ana take su da ƙarfe 8 ko 9 na dare agogonmu, daidai lokacin da kowa a unguwa ya dawo gida ya hau waya, kuma a lokacin ne hoto yake daskarewa wannan ɗan zoben ya yi ta juyawa a tsakiyar allo.

Abin da na fi yabawa shi ne, a manhajojin da ke ba da damar mayar da wasa baya, wasan yammacin Asabar da ke cin karo da Magariba ba ya wuce ni. Ina zuwa masallaci in dawo in ɗora daga inda na tsaya.

Mai gyaran dish, Tudun Wada

Ranka ya daɗe, bari in amsa maganar akwatunan nan, tunda sana'ata ce kuma ana kawo mini su kullum. Ba su da wani sirri. Wasu mutane ne a wata ƙasa suke satar hoton masu haƙƙi su watsa ta intanet, akwatin kuma ya jawo. Wato su ma data suke ci, ba su kuɓutar da kai daga lissafin Baban Hanifa ba. Suna aiki lafiya a ƙananan wasanni, amma ranar babban wasa, da jama'a suka yi wa tashar yawa ko masu haƙƙi suka toshe ta, sai allo ya yi baƙi, kuma wanda ya karɓi kuɗinka na shekara guda ba shi da ofishin da za ka kai ƙara. Gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Shafukan kyauta da ake turo adireshinsu a WhatsApp sun fi haɗari. Tallan caca da hotunan da ba su dace ba suna faɗowa a kan allo ba sallama, a falon da yara suke zaune, wasu kuma suna sa ka sauke manhajar da za ta nemi izinin karanta saƙonninka, a wayar da bankinka yake turo maka lambar sirri. Ban da wannan, doka ta hana: Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta shafi abin da ake watsawa ta intanet. Ni dai ba na haɗa wa kowa su.

Maman Ummi, Kawo

Malam, duk maza sun yi maganar ƙwallo, babu wanda ya tambayi mutanen gida. Kai awa 2 kake zama gaban talabijin, uwargida da yara kuwa su ne suke wuni da ita. Idan ka cire dikoda aka koma intanet gaba ɗaya, zane-zanen yara da fina-finan Hausa za su cinye datar wata a 'yan kwanaki, ranar wasa ta zo ka tarar babu komai, a zo ana kallon-kallo. Mu abin da maigidana ya yi shi ne ya sa mana dish na tashoshin kyauta, muna kallon Arewa24 da tashoshin Makka da Madina da labarai ba tare da kuɗin wata ba, shi kuma ya ware datarsa ta ƙwallo daban. Ka yi shawara da uwargida kafin ka yanke hukunci.

Baban Khalifa, Unguwar Dosa

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya Maman Ummi, maganarki ta shiga. Ba ni da intanet na gida, da datar waya nake amfani, don haka lissafin Baban Hanifa ya sa na yi sanyi. Saura tambaya biyu: yaya zan gane ko sabis ɗin gidana zai ɗauki wasa kafin in kashe kuɗi, kuma dish ɗin da nake da shi zai yi aikin tashoshin kyautar?

Baban Hanifa, Malali

Gwajin ba shi da wuya, Malam, amma a falonka za ka yi shi, a daren Talata ko Laraba tsakanin ƙarfe 8 da 10, ba a wurin aiki ba kuma ba da rana ba. Ka buɗe shafin auna gudu irin su fast.com a kan layinka, ka ari layin wani kamfanin ka sake aunawa, domin a Kaduna layin da ke tashi a Malali yana iya kwantawa a Hayin Banki. Idan kana samun megabit 10 a tsaye ba ya faɗuwa, kana da sarari. Daga nan ka kunna wata tashar labarai da ke watsa shiri kai tsaye a YouTube, ka sa ingancin hoto a 1080, ka bar ta rabin awa ka ga sau nawa za ta tsaya, ka kuma duba datar da ta ci. Kada ka sayi rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, sai ka san layin da ya ci jarrabawa, kuma idan ka saya ka ajiye ta kusa da taga. Idan faiba, wato intanet ɗin da ake jawo wayarsa har cikin gida, ta iso layinku, ita ta fi kowanne kwanciyar hankali. Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, yana da gudu, amma kayansa da kuɗin watansa sun fi ƙarfin mai neman sauƙi, kuma ruwan sama mai ƙarfi yana taɓa shi shi ma.

Ta fuskar wuta kuwa intanet ta fi, domin ƙaramar rauta da waya suna aiki da fawabank, ba sai ka tayar da janareto ba. Shawarata ita ce kada ka sayar da dikodar. Ka bar kuɗinta ya ƙare, ka gwada wata guda ta intanet kana rubuta abin da ka kashe. Kakar Firimiya daga Agusta zuwa Mayu take, don haka ko a wace hanya ka tsaya, babu dalilin biyan babban tsari a Yuni da Yuli sai idan akwai gasar ƙasashe.

Mai gyaran dish, Tudun Wada

Game da dish ɗin, ranka ya daɗe, farantin da wayarsa za su iya aiki idan aka juya shi zuwa wani tauraron, amma dikodar kamfani ba za ta buɗe maka tashoshin kyauta ba, sai ka sayi risiba ta daban. Tunda an ba ka shawarar gwajin wata guda, kada ka bari a taɓa saitin wanda ke sama yanzu. A kafa maka na biyu a gefensa, a jawo wayarsa zuwa wani ramin na talabijin, ta yadda uwargida za ta riƙa canzawa da rimot kawai. Ka ce wa mai haɗawar ya ɗaure shi da ƙusoshi a jikin bango, ba a kan kwano ba, saboda iskar farkon damina.