Kiran lambobi a jere don neman modem: doka ta yarda?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Wata ma'aikata a nan Damagaram tana son a gano ko akwai tsoffin modem, wato na'urorin da ke haɗa kwamfuta da layin tarho, da aka manta jone da layukanta. An ce akwai manhajar da ke kiran lambobi ɗaya bayan ɗaya da kanta. In na sake ta a kan duk lambobin da suka fara da 20 51, na taka doka?

Malam na Zango:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka soma. Daga 20 51 00 00 zuwa 20 51 99 99 lamba 10,000 ce. In kowane kira ya ci daƙiƙa 30, za ka kwashe awa 83 kana kaɗa tarhon mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Cikinsu akwai asibiti, akwai gidan da ake jinya, tsohuwa ta taso da tsakar dare ta ɗaga ta ji shiru. Wannan haƙƙi ne, ko da doka ba ta ce uffan ba. A Amurka tun 1991 aka hana irin wannan kira zuwa layin gaggawa da ɗakin majinyata.

A Nijar, doka mai lamba 2019-33 ta hukunta shiga na'urar wani ba da izini ba. In modem ya amsa, kai kuma ka gwada kalmar sirri ko sau ɗaya, to ka tsallaka iyaka. Ka karɓi takarda da sa hannun shugaban ma'aikatar: ga lambobinsu, ga rana, ga lokaci, ga inda za ka tsaya.

Mai gyaran layi:
Gaskiyar Malam. In takarda ta samu, yi aikin da layin gida. Salula tana matse murya, sai ta dagula kukan modem, haɗin ya ƙi kamawa. Ba modem ɗinka umarnin ATS7=30 don ya jira daƙiƙa 30, ka kira da umarnin ATDT da lambar, ka rubuta amsar: CONNECT (haɗi ya kama), BUSY (ana kan layin) ko NO CARRIER (haɗi bai kama ba). Inda ake ruɗewa shi ne faks, na'urar aika takarda ta layin tarho, domin shi ma yana amsawa da ƙara iri ɗaya da ta modem (2100 Hz), sai an saurari abin da ya biyo baya. Ka kira sau biyu, da rana da kuma bayan an tashi aiki, saboda wasu na'urorin sai dare ake kunna su.

Hajiya ta Sabon Gari:
Ɗana, layi nawa ne ma? In ba su wuce 20 ba, karɓi takardar kuɗin tarho, ka bi waya daga akwatin bango har inda ta ƙare. Wanda ka iske ba a aiki da shi, nuna wa shugaban, da yardarsa a zare shi a rufe layin.