Ƙawata ta saya mana tikitin fim ɗin awa uku, in ya ishe ni zan iya fita?

Autar Mama: Assalamu alaikum. Shawara nake nema kafin ranar Asabar. Ƙawata ta saya mana tikitin silima don taya ni murnar gama jarrabawa. Fim ɗin kashi na biyu ne. Na farkon a ɗakinta muka kalla, ita tana share hawaye ni ina danne hamma. Wannan kuma awa uku ne har da ɗoriya. Kujerunmu a tsakiyar layi suke, an riga an biya, ba a canzawa, kuma a motarta za mu je. Tambayata biyu ce: in na ji ba zan iya ba, ya zan fita ba tare da ta ji haushi ba? Sannan ana mayar wa mutum kuɗinsa in ya fita da wuri? Wanda ya taɓa yi ya faɗa mini yadda ta kaya.

Ɗan Gaye: Wa alaikis salam. Ki zaɓi kujerar bakin hanya kusa da ƙofa, shi ke nan.

Autar Mama: Yaya ai na ce an riga an biya, a tsakiya muke.

Mai Gilashi: Ni dai ban ga abin zuwa silima ba a wannan zamanin. Ki jira wata biyu zai fito a intanet, ki kalla a waya, in ya gundure ki ki tura shi gaba.

Sarkin Barci: Ƙanwata ba sai kin fita ba. Akwai sanyi, akwai duhu, kujera mai laushi. Na taɓa biyan kuɗin fim na yi barcin da ban samu irinsa ba tun ina goye. Har yau ban san yadda ya ƙare ba, amma ko kusa ban yi asara ba.

Malam Lissafi: Kuɗin tikiti ya riga ya tafi, ko kin zauna ko kin fita. Abin da ya rage a hannunki lokacinki ne. Masana tattalin arziki sun daɗe da lura cewa mutum yakan ci gaba da abin da ba ya so don kawai ya riga ya kashe kuɗi a kai. A 1985 wasu masu bincike biyu, Hal Arkes da Catherine Blumer, sun wallafa gwajin da suka yi a gidan wasan kwaikwayo na Jami'ar Ohio a Amurka. Masu sayen tikitin kakar wasanni, wasu an sayar musu a cikakken farashi, dala 15, wasu an rage musu dala 2, wasu an rage musu dala 7, ba tare da sun nema ba. Waɗanda suka biya cikakke sun fi zuwa kallo a rabin farko na kakar. Wasannin iri ɗaya ne, zafin kuɗin ne ya kai su. Da aka shiga rabi na biyu, zafin ya huce, bambancin ya ɓace. Don haka in fim bai yi miki ba, ki tashi. Zama ba ya dawo da kuɗi, ƙara asara yake.

Ɗan Gaye: Malam, ba ita ta biya ba fa. Duk wannan karatun ya tashi a banza.

Malam Lissafi: To ai ya fi sauƙi ke nan.

Uwar Biyu: Ya fi sauƙi? Malam, ka taɓa zama gefen kujerar da babu kowa kana gadinta? Bari in ba ku nawa labarin, ke kuma ƙanwata ki saurara da kyau.

Bayan na yaye 'yan biyuna, shekara uku ban fita ko'ina da maigidan ba sai asibiti da gaisuwa. Na tara kuɗi kaɗan-kaɗan, na roƙi yayata ta riƙe mini yara, na sayi tikiti biyu ban gaya masa ba sai a ranar. Na yi kwalliya kamar ranar farko. Muka shiga, aka kashe fitila. Ko minti ashirin ba a yi ba ya sunkuyo ya ce, "Bari in zaga, yanzu zan dawo." Ya bar hularsa a kan kujera. Wallahi hular nan na yi ta gadi. Duk wanda ya buɗe ƙofa sai na waiga. Wani ya zo zai zauna, na ce da mai shi. Na kira waya a ɓoye sau huɗu, ba a ɗauka. Zuciyata ta fara raya mini ko faɗuwa ya yi a banɗaki, tunda yana da hawan jini. Na tashi, na bi ta gaban mutum takwas ina ba da haƙuri, na roƙi wani ma'aikaci ya leƙa mini banɗakin maza, babu shi. A mota na same shi, ya kwantar da kujera, yana ta minshari, rediyo na yi. Da na tashe shi abin da ya ce kawai shi ne, "Har an gama?"

Ba fitar ce ta ƙona mini rai ba. Da ya ce mini, "Wannan fim ba nawa ba ne, ki kalla, ina jiran ki a waje," da na ji haushi na minti biyar na ci gaba da kallona. Ƙaryar "yanzu zan dawo" ita ta cinye mini daren gaba ɗaya. Yau shekara shida ban sake taka silima ba, kuma duk ranar da aka saka fim ɗin a talabijin sai na canza tasha.

Hajiya Babba: Allah sarki 'yata. Allah ya ƙara haƙuri. Maza ke nan.

Ɗan Gaye: Hajiya a yi mana adalci, ba duka ba. Kuma bawan Allah ya gaji ne, ƙila daga aiki aka ɗauko shi.

Uwar Biyu: Ranar hutu ce. Ya wuni a kwance.

Sarkin Barci: Laifinsa ɗaya, da ya yi barcin a ciki. Mota ba wajen barcin mai hankali ba ce alhali an biya wa mutum kujera.

Uwar Biyu: Kai komai wasa ne a wajenka.

Mai Gilashi: Amma Anti ke ma da kin tambaye shi irin fim ɗin da yake so kafin ki saya. Ba a yi wa mutum bazata da awa biyu na rayuwarsa.

Uwar Biyu: Kai da ka ce a waya kake kallo, me ka sani game da silima? Ko aure ba ka yi ba za ka koya mini zama da miji.

Mai Gilashi: Ba sai na yi aure zan gane mutumin da aka ja shi inda ba ya so ba.

Hajiya Babba: Yaro, abin da babba ya hango kai ko ka hau rimi ba za ka gan shi ba. Yi shiru.

Tsohon Mai Tikiti: Bari in amsa maganar kuɗi tunda na yi shekara huɗu a bakin ƙofar silima ina yaga tikiti. Inda na yi aiki, in mutum ya fito cikin rabin awar farko ya je wajen manaja da ladabi, ana ba shi takardar shiga wani fim ɗin a wata rana. Kuɗi a hannu kuwa sai in laifin namu ne: sauti ya ɗauke, hoto ya tsaya, ko wuta ta katse. Dalili shi ne kuɗin tikiti ba na silima ba ne ita kaɗai. Wajen rabi na masu fim ɗin ne, a makon farko ma kasonsu ya fi haka. Ribar gidan ta fi fitowa daga kayan ƙwalama da abin sha da ake sayarwa a waje, shi ya sa suke da tsada haka.

Gimbiya: Wace takarda? Ni na fita ko minti goma sha biyar ba a yi ba, saboda gilashin 3D ɗin nan ya sa mini ciwon kai da jiri. Na je na yi bayani, aka nuna mini rubutu a bayan tikiti cewa abin da aka saya an saya. Ko sannu ban samu ba. Ga shi tikitin ninki biyu ne na wanda ba gilashi.

Ɗan Gaye: Ninki biyu ina? Ƙarin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. An dai ga baƙuwa an yanke ki.

Gimbiya: Ranar Asabar da dare na je, a makon da fim ya fito.

Ɗan Gaye: Ni ma Asabar nake zuwa.

Baban Yara: Ni kuwa an mayar mini da kuɗina cas, har na yara uku. An rubuta fim ɗin ya dace da yara, ana farawa ƙaramar ta fasa kuka saboda ƙarar ta yi mata yawa. Na fito da su, matar da ke kanta ba ta ko yi musu ba. Abin da ba su mayar ba shi ne ɗan cajin da aka cire da na saya ta intanet.

Gimbiya: To ga shi nan, uku sun yi magana, amsa uku.

Tsohon Mai Tikiti: Saboda kowane gida da ƙa'idarsa, kuma manajan da ke aiki a ranar shi ne ƙa'idar. Amma ku sani, in ƙawar ce ta saya da katinta, ita za a mayar wa, ba ke ba. Ke nan sai ta sani.

Malam Lissafi: Shi ya sa na ce a manta da kuɗin.

Uwar Biyu: Malam, mu mutum muke magana a kai, kai kana ta kuɗi da Amurka.

Mai Alƙalami: Ni ina ɗan taɓa rubutun fim. A ƙa'idar da aka fi koyarwa, shafi ɗaya na rubutu minti ɗaya ne a allo, kuma kashin farko na labari, inda ake gabatar da mutane da matsalarsu, yana cin wajen minti 25 zuwa 30. Fim mai awa uku yakan ja fiye da haka. Kafin nan ba ki ga fim ɗin ba tukuna, shimfiɗa kawai kika gani. Ni sai na ba shi minti arba'in. In har lokacin ban damu da ko jarumin ya mutu ko ya rayu ba, na ɗauki jakata.

Sarkin Barci: Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ita ta ga Larabar, ta ga Alhamis ɗin ma, kashi na farko gaba ɗaya ta kalla.

Mai Alƙalami: Akwai kashi na biyun da ya fi na farko.

Sarkin Barci: Akwai kuma na ukun da ke jiran ta baɗi in ta nuna ta ji daɗin wannan.

Gimbiya: Minti arba'in daga yaushe za a fara ƙirgawa? Don lokacin da ke kan tikiti ƙarya ne. Na shiga ƙarfe bakwai daidai, sai da aka yi mana tallar waya, tallar banki, tallar mota, sannan tallar finafinai biyar masu zuwa. Bakwai da minti ashirin da biyar aka fara. Na biya kuɗi don a tallata mini kaya.

Baban Yara: Wannan ita ce maganar! In kana da yara, kafin fim ya fara sun cinye abin da ka saya musu sun fara tambayar yaushe za a tafi gida.

Ɗan Gaye: Shi ya sa nake zuwa a makare da gangan.

Gimbiya: Ashe ku ne. Ku ne masu shigowa an fara, ku kunna fitilar waya kuna haska fuskokin mutane kuna neman lamba, ku taka mana ƙafa. Mai fita da wuri sau ɗaya yake damun mutane. Ku kuwa ku shigo a makare, ku zauna kuna tambayar na kusa me ya faru.

Mai Alƙalami: A 1960 da daraktan fim Alfred Hitchcock ya fitar da fim ɗinsa Psycho, sharaɗi ya kafa wa gidajen silima cewa in an fara ba a barin kowa ya shiga. Har alluna aka kafa a bakin ƙofa. Mutane suka yi ta layi a waje suna jiran zagaye na gaba.

Ɗan Gaye: Shi ma ai bai sa musu tallar banki ta rabin awa ba.

Hajiya Babba: Ni masu waya ne suka kore ni. Wata yarinya a gabana daga farko har ƙarshe tana hira a WhatsApp, hasken ya cika mini ido. Na taɓa kafaɗarta na ce, "'Yar nan, don Allah." Ta juyo ta kalle ni sama da ƙasa ta ci gaba. Ma'aikatan kuma ko leƙowa ba sa yi.

Tsohon Mai Tikiti: Hajiya mutum biyu ne ke kula da ɗakuna shida, ga shara tsakanin fim da fim. In muka yi magana a ce za a kai ƙararmu.

Autar Mama: Na gode muku duka. Anti Uwar Biyu, labarinki ya tsaya mini a rai. Amma har yanzu ban gane ba, in gaya mata tun yau cewa ƙila in fita, ko in bari sai mun shiga in ga yadda za ta kasance? Kuma in na fita ina zan zauna awa biyu, tunda makullin mota na hannunta?

Sarkin Barci: Kar dai ki bar ɗankwali a kan kujera.

Gimbiya: Ni fa ina nan a kan bakata, Ɗan Gaye. Na nemo tsohon tikitin a jaka, ninki biyu ne har da 'yan canji. Kai wace irin kujera kake saya?