Ƙafata na ɗaurewa da dare, magnesiyam ɗin da na saya kuma ya ɓata min ciki

Maman Biyu

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sani. Shekarata 47, sana'ata ɗinki, a kan keke nake wuni. Wata huɗu ke nan kusan kowane dare, wajen ƙarfe uku, sai sha-raɓar ƙafata ta dama ta ɗaure. Naman ya dunƙule ya yi tauri kamar dutse, sai na tashi na dafa bango na taka ƙafar kafin ta sake ni, kuma har washegari ina jin tsamin wurin. Ga fatar idona tana yawan rawa, ga wata kasala da ban san ni da ita ba.

Ƙanwata ta ce ƙarancin magnesiyam ne. Na sayo kwalba ɗaya, an rubuta oksayid, miligiram 500, ina shan ɗaya da safe ɗaya da dare. A kwana na uku gudawa ta hana ni zama a kan keke, na ajiye shi. Da na leƙa intanet neman irin magnesiyam ɗin da ya fi, sai kaina ya ƙara ɗaurewa: wannan ya ce sitiret, wancan ya ce gilaisinet, wani ya ce man shafawa. Wanne ne na gaskiya? Ko yana da amfani in faɗa, shekara uku ina shan omefirazol kullum saboda ƙwannafi, bara kuma aka ɗora ni a kan maganin hawan jini mai sa fitsari.

Ɗan Tsere

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ina gudun motsa jiki, gilaisinet nake sha da dare, bai taɓa taɓa min ciki ba, barcina ma ya fi daɗi. Ki haɗa da gishirin Epsom, shi ma magnesiyam ne a cikinsa, ki zuba a ruwan ɗumi ki tsoma ƙafa minti ashirin. Ta fata zai shiga, ba ruwanki da gudawa.

Mai Haɗa Magani

Hajiya, abin da kika ajiye a layin ƙarshe kamar ba komai ba, shi ne ya fi jan hankalina. Amma bari in fara da kwalbar.

Abin da ke cikin kwalba gishiri ne, wato magnesiyam haɗe da wani sinadari, saboda haka dole ki duba ko 500 ɗin nauyin gishirin ne ko na tsantsar magnesiyam. A oksayid kusan kashi 60 cikin ɗari magnesiyam ne, kenan ƙwaya ɗaya tana ɗauke da wajen miligiram 300, ke kuma kina shan biyu. A Amurka iyakar da aka sa wa babba daga ƙwayoyi ita ce 350 a rana, a Turai ma 250 suka ce. Kin ga kin zarce duka biyun. Ƙari a kan haka, oksayid ba ya narkewa sosai, hanji ɗan kaɗan yake tsotsa, sauran ya zauna a ciki yana janyo ruwa. Ai da wannan dabarar ake haɗa maganin sakin ciki irin su Milk of Magnesia. Jikinki bai ƙi magnesiyam ba, maganin sakin ciki kika sha sau biyu a rana.

Sitiret, kulorayid da laktet sun fi oksayid shiga jiki, sai dai sitiret ma yana sassauta bayan gida, shi ya sa nake ba da shi ga mai fama da bushewar ciki. Gilaisinet ya fi sauƙi ga masu cikin da ba ya son wargi, amma magnesiyam ɗin da ke cikinsa bai wuce kashi 14 cikin ɗari ba, don haka ƙwayoyinsa manya ne. Kowanne kika ɗauka, ki raba shi kashi biyu, ki sha a kan abinci.

Yanzu ga inda nake so ki tsaya. A 2011 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi cewa shan omefirazol da danginsa na dogon lokaci, galibi fiye da shekara, yana iya sauke magnesiyam a jini, domin yana rage tsotsarsa a hanji. Yawancin magungunan sa fitsari kuma suna zubar da shi ta ƙoda, tare da potasiyam. Ke kina da biyun: ƙofar shiga ta ƙuntata, ƙofar fita ta buɗe. Cika tulun da ke yoyo wahala ce. Kada ki daina ko ɗaya da kanki, musamman na hawan jinin. Ki koma wurin likitanki da kwalayen a hannu, ki nemi a auna magnesiyam, potasiyam, kalsiyam da aikin ƙoda. Ina cewa a haɗa su ne saboda idan magnesiyam ya yi ƙasa, potasiyam ba ya zama a jiki komai yawan wanda aka ba mutum, sai an gyara na farkon.

Ki kuma sani cewa awon jini ba ya faɗin komai da komai. Jikin babba yana ɗauke da wajen giram 25 na magnesiyam, fiye da rabi a ƙashi, sauran a tsoka da sassan jiki, wanda ke yawo a ruwan jini bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Idan awo ya nuna ƙasa, to lallai akwai ƙaranci. Idan ya nuna daidai, likita zai haɗa da tarihinki.

Ɗan Tsere, ka yi haƙuri, ban yarda da maganar fata ba. An halicci fata ne don ta tare abu, kuma binciken da ake kafa hujja da shi a kan gishirin Epsom da man shafawa ƙanana ne marasa ƙarfi. Ruwan ɗumi yana sakin tsoka, wannan gaskiya ne, ta tsoma ƙafarta ta ji daɗi, amma kada ta lissafa shi a cikin abin da ya shiga jininta. Ita kanta ɗaurewar ƙafa, bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken lafiya, ta yi a 2020 ta nuna da wuya magnesiyam ya rage ta ga manya masu shekaru waɗanda ba a gano musabbabin tasu ba. Wanda yake da ƙaranci na gaske shi ne zai ga canji.

Abu na ƙarshe, idan aka rubuta miki magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su tetirasaikilin ko sifiro, magnesiyam yana kama su a hanji ya hana su aiki. Ki sha su awa biyu kafinsa, ko awa huɗu zuwa shida bayansa.

Ɗan Tsere

Na karɓi gyara Malam. Gilaisinet ɗin dai ba zan bari ba.

Ungozoma

Yaya, ni ta ɓangaren abinci zan shigo, don na lura kowa kwalba yake nema. Mace a shekarunki tana buƙatar wajen miligiram 320 a rana, namiji 420, kuma wanda aka samu daga abinci ba ya cikin waccan iyakar da Malam ya faɗa, saboda ƙoda mai lafiya tana fitar da rarar. Cikin tafin hannu ɗaya na 'ya'yan kabewa gasassu, giram 28, yana da fiye da 150. Kashu mai nauyin haka yana da wajen 74, rabin kofi na dafaffen alayyahu kusan 80, rabin kofin wake wajen 60. Ayaba da ake ta yabo, guda ɗaya 32 kawai ce. Gyaɗa da riɗi ma suna da shi. Duk ganye kore yana da shi, don magnesiyam ne ke zaune a tsakiyar sinadarin da ke ba ganye launinsa. Hatsi kuma mafi yawan nasa yana cikin dusa, da zarar an cashe shi ya yi fari fat an zubar da rabon.

Mu a ɗakin haihuwa mun san ƙarfin wannan abu. Magnesiyam salfet da muke yi wa mai taune-taune allurarsa ya ceci mata ba adadi. Wani babban gwaji da aka buga a 2002, a kan mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna yana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi ga masu hawan jinin ciki. Amma in mun yi allurar ba ma barin gefen gado: muna ƙirga numfashi, muna buga gwiwa mu ga ko ƙafa za ta motsa, muna auna fitsari. Abin da ke kwantar da jijiya in ya yi yawa numfashi yake kwantarwa. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga ana tallarsa kamar alawa.

Abu Hafsa

Anti, don Allah ki bi maganar awon ƙoda. Mahaifina yana da ciwon suga, ƙodarsa ta yi rauni ba mu sani ba. Ni da hannuna nake ba shi maganin sakin ciki mai magnesiyam kusan kowane dare, ina ganin taimako nake yi. Sai ya fara yawan barci, ƙafafu suka mutu, magana ta yi nauyi, jininsa ya sauka. A asibiti aka ce magnesiyam ne ya taru don ƙoda ta kasa fitar da shi, sai da aka yi masa wankin ƙoda. Ya tashi, alhamdu lillahi, amma har yau in na tuna da cokalin nan gabana yana faɗuwa.

Maman Biyu

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Abu Hafsa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, labarinka ne ya tashe ni na tafi. Na kai kwalayen kamar yadda Malam ya ce. Ƙoda lafiya lau, amma magnesiyam da potasiyam duka sun yi ƙasa. Likita ya canza min maganin hawan jinin, ya ce za mu rage omefirazol a hankali don kada ƙwannafin ya dawo da ƙarfi, ya rubuta min sitiret ƙarami in raba safe da dare, in koma awo bayan mako shida. Ya kuma nuna min yadda zan dafa bango in miƙar da sha-raɓa kafin in kwanta, ya ce wunin da nake yi ina taka keke da ƙafa ɗaya ma yana da nasa hannun.

Yau kwana goma sha biyu, sau biyu kawai ƙafar ta tashe ni, cikina kuma lafiya. Ungozoma, na ajiye gwangwanin 'ya'yan kabewa kusa da zare, ina ɗiba ina ɗinki. Da ɓawonsu ake ci, ko sai an ɓare?