Me za mu kira "tiriyaj" da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan uwa na Aboabo, Asawase da sauran zangunan Kumasi. Kalma guda nake so mu daidaita a kanta: tiriyaj, aikin da mu nas-nas muke yi a bakin sashen gaggawa kafin likita ya ga kowa, wato duba marasa lafiya don a san wanda ciwonsa ya fi tsanani a fara da shi. Kalmar Faransanci ce, ta samu gindin zama ne a wajen rarrabe sojojin da suka ji rauni a fagen fama. A Asibitin Komfo Anokye tsarin Afirka ta Kudu ake bi, mai launuka: ja a duba shi nan take, ruwan lemo cikin minti 10, ruwan ɗorawa cikin awa 1, kore kuwa yana iya jira har awa 4.

Abin da ya dame ni shi ne uwar da ta yi sammako da ɗanta, tana zaune a benci, sai ta ga an shige da yaron da ya zo bayanta. Ba abin da zai zo mata a rai sai sanayya. Alhali ga abin da nas ta gani: ta danna farcen yaron ya yi fari, daƙiƙa 3 ta wuce jini bai dawo ba, hannunsa sanyi ƙalau. Ko ta tsunkuli fatar cikinsa ta ƙi komawa, idanu sun faɗa saboda gudawa. Ko jijjiga yake yi. Irin wannan yaron ba shi da minti biyar na jira. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa jaririn da bai kai wata 2 ba cikin waɗanda ake gabatarwa, domin ciwonsu ba ya nuna kansa da wuri.

Wani malami ya kawo "tantancewa". Ta yi kusa, amma ta fi kama da zaɓen 'yan takara ko masu neman aiki, kamar akwai wanda za a ce bai cancanta ba. Wata 'yar uwa ta ce "fifitawa". Wannan kam ban yarda da ita ba ko kaɗan. Ka ce wa uwa an fifita ɗan wata a kan nata, ai ka tabbatar mata da zargin da take yi. "Rarrabewa" kuma ba ta faɗi dalilin rabon ba.

Ni "awon tsanani" nake gani. Matanmu sun san awo sarai: awon ciki, da awon yara inda ake rataye jariri a sikeli, a zagaya damtsensa da tef, in ya gaza santimita 11.5 a san tamowa ta yi tsanani. Ba wadda ke zargin sikeli da son kai. Kalmar tana nuna cewa ciwon ake aunawa, ba wanda ya riga zuwa ba, ba kuma wanda ya san wani ba.

Ku gwada ta a baki: "Hajiya, ki yi haƙuri, awon tsanani ya nuna wancan yana ja, naki yana kore. In kin ga numfashinsa ya sauya ko ya ƙi shan nono, ki taso ki faɗa mini a sake auna shi." 'Yan uwa nas-nas na Nima da Mamobi a Accra, ku gwada ta a wajen aiki ku faɗa mana ko iyaye sun gane ba tare da ƙarin bayani ba.