Ƙara matsin mai ko sayen manyan nozul: gardama kan Silvia ɗin Nura

Nura: Assalamu alaikum. Ina da Nissan Silvia S13 mai injin SR20DET. Na cire ƙaramin turbo na asali na ɗaura babba, burina ƙarfin doki 350, matsin turbo wajen bar 1.2. Nozul ɗin, wato masu fesa wa inji mai, na asali ne har yanzu, masu cc 370, famfon mai ma ban taɓa shi ba. Malam Garba ya ce kada in wahalar da kaina da neman manyan nozul, in sa regileta mai saiti in murɗa matsin mai sama, waɗanda ke ciki za su ba da duk man da injin ke so. Tunda shi ma yana nan, na ce bari in kawo maganar kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Malam Garba: Wa alaikumus salam. Ni na faɗa, kuma ban janye ba. Nozul ƙofa ce kawai. In ka ƙara wa mai ƙarfi a bayanta, abin da zai fita ta ƙofar ya ƙaru, wannan ko yaro ya sani. Tun kafin a haifi wasunku muke yin haka. Manyan nozul kuwa na sha ganin abin da suke yi: mota ta ƙi tsayawa a silo, filogi ya yi baƙi ƙirin, salansa na warin ɗanyen fetur. Me zai sa yaro ya jawo wa kansa wannan?

Kabiru: Malam, a murɗa har nawa? Ka ba mu lamba.

Malam Garba: Har motar ta ƙoshi. Kunne da launin filogi za su gaya maka.

Injiniya Hadiza: Malam, Allah ya ƙara girma, ƙofar tana ba da ƙari, gaskiya ne, amma ba yadda ake zato ba. In ka ninka matsi sau biyu, man da ke fita ba ya ninkuwa sau biyu, kashi 41 cikin ɗari kawai yake ƙaruwa. Sai ka ninka matsi sau huɗu kafin mai ya ninku sau biyu. Nozul ɗin Nura cc 370 suke bayarwa a minti ɗaya a kan bar 3. Ka kai su bar 4, su ba da kamar 427. Bar 5, kamar 478. Bar 6, kamar 523.

To, nawa yake buƙata? Injin turbo mai shan fetur yakan ci kusan kilo 0.25 na mai a awa ɗaya a kan kowane doki, wani ma ya wuce haka. Doki 350 ke nan kilo 87.5 a awa, wato lita 118 ko kusa da haka. Raba wa silinda huɗu, kowace nozul sai ta zubar da cc 490 da ɗoriya a minti. Kuma ba a barin nozul a buɗe koyaushe, ana so lokacin buɗewarta ya tsaya wajen kashi 80 cikin ɗari. Saboda haka nozul ɗin da zai yi wannan aiki shi ne mai cc 620 zuwa sama. In ana so mai cc 370 ya kai can da matsi kaɗai, sai an kai shi bar 8.4. A ɗora matsin turbo a kai, famfon Nura zai riƙa tura mai a kan bar 9.6. Famfon da aka yi wa motar doki 200.

Kabiru: Bar tara da rabi! Nura, ka tanadi abin kashe gobara guda biyu, ɗaya a kujerar gaba ɗaya a but.

Abba: Don Allah a yi mini bayani, me ya sa ake ɗora matsin turbo a kan na mai? Ban gane wannan wurin ba.

Injiniya Hadiza: Bakin nozul yana fesawa ne cikin hanyar iskar da ke shiga inji. In turbo ya cika wannan hanya da iska mai matsin bar 1.2, iskar tana tokare man da ke son fitowa. Abin da ke tura mai shi ne bambancin da ke tsakanin matsin mai da matsin iskar. Shi ya sa regileta take da ɗan siririn tiyo da ya taho daga hanyar iska: duk bar ɗaya da turbo ya ƙara, ita ma ta ƙara wa mai bar ɗaya, bambancin ya zauna a bar 3. In tiyon nan ya tsage ko ya zare, motar za ta yi lafiya lau a silo, sai an taka totur turbo ya cika sannan mai ya gaza.

Malam Garba: Hajiya, lissafi a takarda daban, ƙarfe daban. Ni da hannuna na ɗaura wa motoci abin nan da ke ninka matsin mai in turbo ya fara busawa, suka yi shekaru suna tafiya. Wanda ya daɗe ya ga daɗau.

Usman: A nan kam Malam yana da gaskiya, kada a danne masa. A shekarun 1990 kayan supacaja (na'urar da ke cusa wa inji iska kamar turbo) da yawa da ake ɗaura wa motocin da ba su zo da shi ba, da irin wannan regileta ake sayar da su, mai ninka matsin mai sau da yawa a kan kowane ɗan ƙari na matsin iska. Dalili kuwa a lokacin shiga ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, a sauya mata lissafi ba abu ne mai sauƙi ba. Amma Malam, ka faɗi sauran: waɗannan motoci matsin iskarsu bai kai rabin bar ba galibi, kuma ƙarin ƙarfin da ake nema kaɗan ne. Nura yana neman ya tashi daga doki 200 zuwa 350.

Malam Garba: Na ji. Amma batun silo fa? Babu wanda ya amsa mini shi.

Usman: Shi ma gaskiya ne, a zamaninsa. Tsofaffin manyan nozul ba su iya buɗewa na ɗan taƙaitaccen lokaci daidai wa daida, kuma feshinsu kamar zubar ruwa yake, ba kamar hazo ba. Na yanzu, irin su Bosch EV14, ko mai cc 1000 ne yana tsayawa a silo lafiya a injin lita biyu, muddin wanda ya saita ƙwaƙwalwar ya saka mata girmansu na gaskiya da ɗan jinkirin da suke yi kafin su buɗe, wanda yake sauyawa da ƙarfin wutar batir. Abin da ka riƙa gani, Malam, ina kyautata zaton an ɗaura nozul ne aka bar birenbos, wato ƙwaƙwalwar, da tsohon lissafinsa. Ka ɗauki mai cc 740 ka sa a gurbin mai 370 ba ka gaya wa ƙwaƙwalwa ba, mai ninki biyu cif zai riƙa shiga. Yaya filogi ba zai yi baƙi ba?

Kabiru: Ni dai ina ganin duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Nozul ba ya kashe inji kamar famfo. Ni shaida ne. Na sa manyan nozul, na sa famfon Walbro mai lita 255 a awa, aka saita mota ta yi kyau. Wata rana da dare, fitilu a kunne, fankar lagireto na juyawa, na taka a giya ta huɗu, sai na ji wata 'yar ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Kafin in ɗaga ƙafa an gama. Da aka buɗe inji, gefen fistin na uku ya narke. Muka yi ta zargin nozul, muka kai su aka gwada, lafiyarsu ƙalau. Ashe waya ce. Tsohuwar siririyar wayar da ta taho daga gaba har tanki ba ta iya ɗaukar wutar da sabon famfo ke ja, wutar da ke isa gare shi ba ta kai wadda ke kan batir ba ko kusa. Famfo ya rage gudu, matsi ya faɗi, mai ya yi kaɗan, zafi ya yi yawa. Da na ja waya mai kauri daga batir da rile da fiyus nata, da fistin ɗina na nan.

Nura: Subhanallah. Yaya Kabiru, wato ko na sayi famfo mai 255 ban tsira ba? Ai injiniya ta ce lita 118 kawai nake buƙata.

Injiniya Hadiza: Lambar da ke jikin kwali an auna ta ne a wani matsi da wata wuta da masu ƙera famfon suka zaɓa, yawanci kusa da bar 3. Famfon mai na lantarki kuwa duk yadda matsi ya hau, abin da yake iya turawa raguwa yake, wutar da yake ja kuma ta ƙaru. Nan ne shawarar Malam take cin kanta: ka murɗa regileta don nozul su ba da ƙari, a daidai lokacin ka rage abin da famfo ke iya kawo musu. Ga aikinka da fetur, 255 mai kyakkyawar waya ya isa har da saura. Ka dai nemi jadawalin famfon ka duba abin da yake bayarwa a bar 4.2, don a can zai yi aiki in turbo ya cika, ba a bar 3 ba.

Sai ka kula da wani abu ta ɗaya gefen. Babban famfo yakan fi ƙarfin ƙaramar regileta ta asali a silo, lokacin da inji ba ya shan komai kuma kusan duk man komawa tanki yake. In hanyar komawar ta yi kaɗan, matsi ya hau da kansa. Don haka regileta mai saiti da Malam ya ce a saya, a saya ɗin, amma don a riƙe matsi a inda ya kamata.

Malam Garba: To alhamdu lillahi, ko ba komai an yarda da regiletata.

Kabiru: An yarda da regileta, ba a yarda da murɗawa ba, Malam.

Malam Garba: Bari in tambaye ki, Hajiya, tsakani da Allah. In mutum nozul ɗinsa sun kusa isa, ɗan kaɗan ya rage, sai ya zubar da su?

Injiniya Hadiza: A'a. In kashi 10 ko 15 cikin ɗari ya rage, tashi daga bar 3 zuwa 4 zai cike gurbin, kuma ni ma zan yi, in famfo yana da sarari kuma aka sake saita ƙwaƙwalwa a kan sabon matsin. Akwai motocin da daga masana'anta ma a bar 4 suke aiki. Na Nura kashi 67 cikin ɗari ya rage.

Abba: Ni na ji ana cewa in aka koma E85, man nan da yawancinsa itanol ne gauraye da fetur, duk matsalar ƙwanƙwasar inji irin wadda Kabiru ya ji ta ƙare.

Usman: Yana jure matsi da zafi fiye da fetur, shi ya sa masu tsere a Amurka suke son sa. Amma zai ƙara wa Nura nauyi ne a ɓangaren da muke magana. Fetur yana ƙonewa daidai a kan kaso 14.7 na iska da kaso ɗaya na mai, E85 kuwa wajen 9.8. Wato sai ka zuba ƙarin kashi 30 cikin ɗari ko fiye kafin ka samu aiki ɗaya. Cc 620 ɗin nan ya koma sama da 800. Kuma itanol yana cin tsohon tiyon roba, yana lalata matatar mai ta takarda, yana wanko dattin da ya daɗe a tanki ya kai shi bakin nozul. Yawan itanol ɗin da ke cikinsa ma ba ya tsayawa wuri ɗaya, a Amurka yana iya kamawa daga kashi 51 zuwa 83, sai an sa na'urar da ke auna shi tana gaya wa ƙwaƙwalwa. Wannan wata muhawarar ce daban.

Kabiru: Nura, kana shiga kwana da gudu da motar nan? Silvia ce, na san amsar. In tanki ya yi ƙasa da kwata, mai yana gudu gefe ɗaya famfo ya shaƙi iska. Ko dai ka riƙa barin mai sama da rabi, ko ka sa ɗan ƙaramin tanki na biyu da ke zama a cike koyaushe.

Malam Garba: Ku dai kuna ta lissafo masa kaya. Ni abin da nake gudu ke nan. Yaro ya zo da tambaya ɗaya an haɗa masa lodi guda. Har yanzu ina nan a kan cewa da yawa masu sayen nozul cc 1000 ba sa amfani da rabinsu, don a faɗa ne kawai. Amma na Nura, tunda doki 350 ya kafe a kai, ya sayi masu 740 ɗin. In ya yarda ya tsaya a 250 kuwa, a ba ni motar da regileta a ga aiki.

Injiniya Hadiza: A 250 ɗin ma za su riƙa buɗewa kusan kashi 82 cikin ɗari a bar 4, Malam. Da ƙyar aka sha.

Malam Garba: Amma an sha.

Nura: Na gode ƙwarai, iyaye da yayye. Ga abin da zan yi. Ba zan ƙara taka motar turbo ya cika ba tukuna. Zan fara ɗaura na'urar auna iska da mai a salansa, da agogon matsin mai da zan iya gani ina tuƙi, sannan in ja wa famfo sabuwar waya. Nozul kuwa na SR20 ta gefe mai ke shigarsu, su EV14 ta sama, to in na zaɓi na zamanin sai na canja har sandar da suke rataye a jiki ke nan?

Usman: Sai ka canja, da filoginsu na waya, kuma ka auna sararin da ke ƙarƙashin hanyar iska kafin ka saya. In ba ka son wannan aiki, masu 740 na gefe suna zama a gurbin na asali kai tsaye. Ka sa sababbin robobin baki, ka shafa musu ɗan mai kafin ka tura su, sannan ka kunna makulli ba tare da ka tayar da inji ba ka duba ko akwai inda ke ɗiga.